Gyaran Ƙarafan Tsohon Jirgin Ruwa da Matsalar Sunayen Ƙarfe a Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masu gyaran jiragen ruwa a ƙasashen bakin teku suke goge ƙarafan tsohon jirgi su maido da su bakin aiki, da kuma dalilan da suka sa suke bin matakan da suke bi. Abin da ake nufi da ƙarafan jirgi a nan shi ne ƙusoshi da notunan da ke riƙe da katako, da maɗauran igiya, da bakin tagogi, da ƙararrawa, da famfunan da ake hudawa a gindin jirgi domin shigar ruwa da fitarsa, da farfela, da anka da sarƙarta, har da fallayen ƙarfe da ake lulluɓe gindin jirgi da su daga waje. Batun ya shafi masu nazarin harshe ta wata fuska, domin duk malamin da ya taɓa gwada koyar da kimiyyar ƙarafa da Hausa ya san inda gizo ke saƙa, watau wajen sunaye.

Sunayen ƙarafa

Bahaushe ya fi raba ƙarafa ta launinsu. Yana da baƙin ƙarfe, da jan ƙarfe, da farin ƙarfe, sa'an nan yana da tagulla, da dalma, da kuza, da tutiya, da sanholo wanda wasu ke kira goran ruwa, ban da azurfa da zinariya. Wannan rabo ya wadatar a maƙera da kasuwa, inda abin da mai saye ke nema shi ne nauyi da ƙyalli da kuma ko abin zai narku. Ya kuma wadatar a bakin kogi, saboda kwale-kwalen Sarkawa a Yawuri ko Argungu, da na masuntan Tafkin Chadi, duk a ruwan daɗi suke yawo, kuma ƙarfen da ke jikinsu bai wuce ƙusa da sarƙa ba. Teku kuwa daban take. A cikin kowace lita ɗaya ta ruwanta akwai gishiri kimanin giram 35, kuma wannan gishiri yana tona bambancin da ido ba ya gani tsakanin ƙarafa biyu masu launi ɗaya.

Babbar matsalar tana ga kalmar tagulla. A bakin jama'a tana ɗaukar abubuwa uku: jan ƙarfe tsantsa, da jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya, da wanda aka gauraya da kuza. Ga mai sayen munduwa duk ɗaya ne. Ga mai jirgi kuwa na biyu da na uku sun yi hannun riga, domin mai kuza yana iya shekara ɗari a ruwan gishiri bai gaza ba, mai tutiya kuwa yakan ruɓe ta ciki alhali fuskarsa tana sheƙi. Saboda haka a wannan maƙala za a kira na farko jan ƙarfe, na biyu tagullar tutiya, na uku tagullar kuza. Sunayen ba su da daɗin faɗi, amma suna faɗin abin da ke cikin ƙarfen, kuma shi ne abin da mai gyara ke bukatar sani. Akwai kuma ƙarfen nan mara tsatsa da ake ƙera kwanuka da cokula da shi, wanda mata suka raɗa wa suna silba. Kalmar aro ce daga sunan azurfa a Turanci, ko da yake babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Baƙin ƙarfe ne aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma ana danganta fitowarsa ga Harry Brearley na birnin Sheffield a 1913. Tun da kalmar ta zauna, za a yi amfani da ita yadda take.

Haka nan kalmar tsatsa. A Hausa baƙin ƙarfe ne ke yin tsatsa, tagulla kuwa sai a ce ta dushe, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore. Wannan bambanci na harshe ya dace da kimiyya fiye da yadda ake zato. Tsatsar baƙin ƙarfe takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon jiki ga iska da ruwa, ta haka har ƙarfen ya ƙare. Dushewar tagulla kuwa fata ce siririya mai manne wa jiki, wadda idan ta yi kauri sai ta tsare abin da ke ƙarƙashinta. Yawancin gardamar da ke tsakanin masu gyara, kan a goge ko a bari, daga wannan bambanci ta taso.

Yadda aka gane ƙiyayyar ƙarafa

A 1761 rundunar ruwa ta Ingila ta lulluɓe gindin wani jirgin yaƙi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Abin da ake gudu shi ne wata halitta mai kama da tsutsa, dangin katantanwa, da ke huda katako a ruwan ƙasashe masu zafi, da kuma gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa jirgi su rage masa gudu. Bayan jirgin ya yi kimanin shekara biyu a tsibiran Karibiyan aka fito da shi aka duba. Katako lafiya lau, amma ƙusoshin baƙin ƙarfe da suka taɓa jan ƙarfen sun cinye, wasu fallaye har sun saki. Sai aka lura da wani abu. An kawo fallayen ne a naɗe cikin takarda, kuma a wasu wurare ma'aikata ba su cire takardar ba kafin su buga ƙusa. Duk inda takarda ta shiga tsakanin ƙarafan biyu, ƙusar ba ta ci sosai ba. Rahoton da aka kai wa hukuma a 1763 ya yanke cewa kada a bar baƙin ƙarfe ya taɓa jan ƙarfe a cikin ruwan teku, kuma daga 1783 rundunar ta shiga sauya ƙusoshin gindin jiragenta da na tagulla.

Dalilin abin bai fito fili ba sai bayan an gane yadda batir ke aiki. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗa jiki a cikin ruwan gishiri, sun zama batir ke nan, lantarki yana gudana daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma ɗayansu ne ke biyan kuɗin da jikinsa. Akwai jeri sananne na wanda ke ci da wanda ake ci. Tutiya tana can ƙasa, sai sanholo, sai baƙin ƙarfe, sai tagullar tutiya, sai jan ƙarfe da tagullar kuza, silba kuwa tana sama da su muddin tana samun iska. Duk biyun da suka haɗu, na ƙasa ne ke narkewa, kuma gwargwadon nisansu a jerin, gwargwadon saurin narkewar. Girma ma yana da tasiri. Ƙaramar ƙusar baƙin ƙarfe a cikin faffaɗan fallen jan ƙarfe takan ƙare da sauri, domin ita kaɗai ke ɗauke da nauyin fallen duka, amma ƙaramar ƙusar jan ƙarfe a jikin babban farantin baƙin ƙarfe ɓarnarta kaɗan ce, don ta bazu a wuri mai faɗi.

A 1824 Humphry Davy, tare da taimakon Michael Faraday, ya juya wannan ƙa'ida ta zama magani. Ya liƙa guntayen baƙin ƙarfe da na tutiya a jikin fallayen jan ƙarfe domin a cinye su a bar fallayen. Gwajin da aka yi a jirgin Samarang ya nuna jan ƙarfen ya daina narkewa. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, gama ɗan narkewar da jan ƙarfe ke yi shi ne dafin da ke korar gansakuka, da ya daina sai gindin jiragen ya cika da ciyayi. Rundunar ta watsar da dabarar a lokacin, amma ba ta mutu ba. Ita ce asalin dunƙulen tutiyar da ake ɗaura wa farfela da sandarta a jiragen yau, wanda ya dace a kira shi tutiyar fansa.

Jan ƙarfe tsantsa yana da tsada. A 1832 George Fredrick Muntz na birnin Bamingam ya yi rajistar wani gauraye, kashi 60 jan ƙarfe, kashi 40 tutiya, wanda ake iya murzawa da zafi a fitar da fallaye, kuma ya fi araha. Da wannan gauraye aka lulluɓe gindin Cutty Sark, jirgin dakon shayi da kamfanin Scott da Linton ya ƙera wa John Willis a Dumbarton ta ƙasar Sikotilan, aka saka shi a ruwa ran 22 ga Nuwamba, 1869. Ƙirar jirgin ta tara dukkan matsalolin da ake magana a kansu a wuri ɗaya: haƙarƙarinsa na baƙin ƙarfe ne, jikinsa na katako, notunan da suka ɗaure katakon ga haƙarƙarin na tagullar Muntz ne, sa'an nan rigarsa ta waje ita ma tagulla. Ya yi dakon shayi daga Sin har 1877, ya koma dakon ulu daga Ostareliya, aka sayar da shi ga 'yan Fotugal a 1895, Kyaftin Wilfred Dowman ya sake sayo shi zuwa Ingila a 1922, kuma tun 1954 yake zaune a busasshiyar tasha a Greenwich cikin Landan. Za a koma kansa a gaba.

Binciken farko

Gwanin gyara ba ya fara da gogewa. Abu na farko shi ne ya san wane ƙarfe ne a hannunsa, domin shekaru sukan mai da ƙarafa duka launi ɗaya, ga kuma fenti a kai. Maganaɗisu yana raba baƙin ƙarfe da dangin tagulla nan take, kuma yakan tona asirin abin da aka yi wa rufin tagulla a kan baƙin ƙarfe. Bayan haka sai ya sa magagari a wani lungu da ido ba ya kaiwa ya ɗan karce. Idan jikin ya fito rawaya kamar ƙwanduwa, tagullar tutiya ce. Idan ya fito da ɗan ja-ja mai duhu, ta kuza ce. Idan kuwa ya fito da launin hoda mai laushi, kamar jan bulo, to an sami abin da ake tsoro.

Wannan launi alama ce ta cewa ruwan gishiri ya tsame tutiyar da ke cikin gaurayen ya bar jan ƙarfe mai ramuka kamar soso. Abin yakan sami duk tagullar da tutiyarta ta wuce kashi 15 cikin 100. Siffar ƙarfen ba ta sauyawa, zaren noti yana nan, rubutun maƙeri yana nan, amma ƙarfinsa ya tafi. Idan aka rataye shi da zare aka ƙwanƙwasa, maimakon ya yi amo kamar ƙararrawa sai ya yi sauti irin na busasshen ƙashi. Maɗaurin igiya da ya kamu da wannan cuta yana iya karyewa a lokacin da iska ta fi ƙarfi, famfon gindin jirgi kuwa idan ya karye, rami ne buɗaɗɗe a ƙarƙashin ruwa. Babu gogewar da ke warkar da shi, hasali ma gogewa ɓoye shi take yi, don soson jan ƙarfe ma yana ɗaukar ƙyalli. Magani ɗaya ne, a cire a sa sabo. Masu ƙira sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka riƙa ƙara kuza kashi 1 cikin 100 a tagullar da aka yi domin teku, suka kuma fifita gaurayen nan na kashi 88 jan ƙarfe, 10 kuza, 2 tutiya, wanda da shi ake zuba igwa a dā. Suna ma yana ruɗarwa a can kamar yadda yake yi a nan. Akwai gaurayen da ake zuba farfela da shi, wanda a kasuwar Turai ake sayarwa da sunan dangin tagullar kuza saboda ɗan manganis da ke ciki, alhali tutiya ce ta fi yawa bayan jan ƙarfe, kuma yana kamuwa da cutar idan ba a ɗaura masa tutiyar fansa ba.

Koren da ke fitowa a jikin tagulla shi ma iri biyu ne. Akwai mai duhu, mai santsi, wanda farce ba ya kankarewa, wannan riga ce. Akwai kuma mai haske, mai gari-gari, wanda ke tsirowa daga ƙananan ramuka, in an share ya dawo bayan 'yan kwanaki. Wannan na biyu aikin kuloraid ne, watau ɓangaren gishiri da ya shige cikin ƙarfen, wanda da ya sami laima da iska sai ya haifar da asid ya ci gaba da cin jiki. Masu adana kayan tarihi suna jiƙa irin wannan ƙarfe makonni ko watanni cikin ruwan wani sinadari mai kashe tsami, suna sauya ruwan har gishirin ya fita, kuma tun daga 1967 suke bin bayansa da wani sinadari mai suna benzotirayazol da ke rufe fuskar jan ƙarfe. Abin sha'awa shi ne sinadarin da ake jiƙon da shi, shi ne babban abin da ke cikin kanwa. Amma kanwar kasuwa ba za ta yi wannan aiki ba, domin tana gauraye da gishiri da ƙasa, kuma gishirin ne ake son fitarwa.

Wanki da gogewa

Idan ƙarfen ya tsira daga bincike, sai a cire shi daga jikin jirgi in zai yiwu, bayan an ɗauki hotonsa a inda yake, an kuma sa wa kowane yanki lamba tare da notunansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tsohon jirgi, inda aka huda ramuka da hannu, tagogi biyu masu kama ɗaya ba lalle ne ɗaya ta zauna a gurbin ɗaya ba. Notin da ya ƙi kwancewa ana ba shi mai da zafi da haƙuri, gama na tagulla yana da laushi, wuyansa yakan murɗe ya tsinke tun kafin mai sufana ya ji ya yi ƙarfi.

Daga nan sai wanki da sabulu da ruwan ɗumi don fitar da maiƙo da gishiri, sa'an nan a narkar da tsohon fenti ko man ƙyallin da aka shafa a dā. Bayan wannan ne ake sa tsami. Duk matar da ta taɓa cuɗa tasar tagulla da tsamiya ko lemun tsami da toka ta san rabin wannan ilmi: tsamin yana narkar da baƙin da ke fuskar ƙarfen, tokar kuma tana gurzawa. Masu jirgi suna amfani da asid ɗin lemun tsami da aka tace ya zama gari, a dama da ruwan ɗumi, a jiƙa na ɗan lokaci ana dubawa. Idan aka bar tagullar tutiya ta daɗe a ciki sai fuskarta ta yi ja, don tsamin ya fara tsame tutiyar, watau an jawo da hannu irin cutar da aka bayyana a sama, ko da yake a fata kawai ta tsaya. Dole a ɗauraye sosai, a bi da ruwan soda don kashe ragowar tsamin, a busar. Wasu sukan haɗa tsamin da gishiri don ya fi saurin ci. Yana ci ɗin, amma zuba wa ƙarfen jirgi gishiri da gangan wauta ce, tun da gishirin ne ya kawo shi wannan hali.

Akwai kuma haɗari a wasu magungunan gogewa na gwangwani da ke ɗauke da amoniya. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwanson harsashinsu na tagulla yana tsagewa da kansa a lokacin damina, aka daɗe ana ɗora laifin a kan yanayi. Sai a 1921 aka tabbatar cewa amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawaki ce, don a barga ake ajiye akwatunan idan ruwa ya sauka. Tagullar da aka buga ko aka ja ta da sanyi, kamar bututu da falle, ita ta fi kamuwa, wadda aka zuba a narke ba ta cika damuwa ba. Saboda haka ba a barin irin wannan magani ya bushe a lungunan fitila ko bututun jirgi.

Gogewa kanta hawa-hawa ce. Ana fara da samfefa mafi laushi da za ta iya shafe ramukan da ke fuskar, alal misali mai lamba 220 ko 320, a jiƙe, sa'an nan 400, 600, 800, har 1200, kuma a kowane hawa ana sauya fuskar da hannu ke bi, domin a ga ko zanen hawan baya ya ɓace. Wanda ya tsallake hawa zai ga sakamakonsa a ƙarshe, lokacin da ƙyalli ya fito da kowane karce. Bayan samfefa sai faifan tsumma mai juyawa, da farko da dunƙulen gurza mai ɗan kaushi, daga baya da jan dunƙule mai laushi. Wannan jan dunƙule, wanda maƙeran zinariya ma ke amfani da shi, garin tsatsar baƙin ƙarfe ne aka tace aka cuɗa da kaki. Ƙurar da ke tashi ba ta shaƙuwa, domin tsohuwar tagulla sau da yawa tana ɗauke da dalma, don haka ake rufe hanci da baki.

Silba tana da nata hali. Abin da ke hana ta tsatsa wata fata ce da kuromiyam ke yi idan ya haɗu da oksijin, siririya ƙwarai har ido ba ya ganinta, kuma in an karce takan sake rufuwa da kanta. Amma sai da iska. A inda ruwan gishiri ya kwanta iska ba ta kaiwa, kamar ƙarƙashin kan noti ko inda ƙarfen da ke riƙe da igiyoyin tirken jirgi ya ratsa katakon daɓe, fatar takan mutu, ƙarfen ya ci ta ɓoye. Sama da daɓe yana walƙiya, ƙasa da daɓe yana walƙiya, a tsakiya kuwa ya kusa rabuwa biyu. Irin da aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3, mai lamba 316, ya fi jurewa, amma bai kuɓuta ba. Ba a goge silba da soson ƙarfe, domin ƙananan guntayen baƙin ƙarfe sukan maƙale su yi tsatsa su ɓata fuskar, ba a kuma wanke ta da ruwan bilic saboda kuloraid. Jan tabon da ke fitowa a kanta tsami mai sauƙi yana ɗauke shi, sa'an nan a bar ta ta sha iska.

Daga shekarun 1920 aka fara yi wa tagullar jirage rufin kuromiyam a kan nikel. Idan wannan rufi ya fara ɓarewa ba ya gyaruwa da hannu, sai a kai masana'anta a tuɓe shi duka, a goge tagullar, a sake rufawa, ko kuma a bar ta tsirara in mai kyau ce. Anka da sarƙarta kuwa ana kankare su a sake tsoma su cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, dabarar da Stanislas Sorel ya yi wa rajista a Faransa a 1837.

Wajen mayarwa ne kuskuren jirgin Alarm ke yawan maimaituwa. Tagulla da notin tagulla ake ɗaure ta. Inda dole ne ƙarafa biyu su haɗu, kamar notin silba a jikin tirken sanholo, sai a sa man raba tsakani ko wani falle na roba, watau dai takardar 1763 a sabuwar kama. Tutiyar fansa ana sauya ta idan ta cinye rabi, kuma ba a shafa mata fenti, don in an rufe ta ta daina aiki. A ruwan daɗi tutiya takan yi ɓawo ta mutu, don haka a can da magniziyam ake yin fansar.

A goge ko a bari

Tagullar da aka goge tana fara dushewa cikin 'yan kwanaki a iskar teku. Mai jirgi yana da hanya uku. Yana iya shafa man ƙyalli mai bushewa, wanda ke tsare fuskar wani lokaci, amma da ya tsage sai ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya yi dabbare-dabbare, a koma tuɓewa daga farko. Yana iya shafa kaki, wanda ba ya daɗewa amma sabunta shi ba wuya. Masu adana kayan tarihi sun fi son wanda aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a farkon shekarun 1950, mai suna Renaissance Wax, domin daga man fetur aka tace shi, ba shi da ɗan tsamin da ke cikin kakin zuma. Ko kuwa ya wanke gishiri kawai ya bar tagullar ta yi rigarta.

Ga tagullar kuza da ke waje, hanya ta uku ta fi hankali. Kowace gogewa ɗan jikin ƙarfe take ɗauka, gama baƙin da ke fitowa a tsumma ƙarfen ne kansa. A jiragen yaƙi da na fasinja, inda gogewar tagulla take aikin kowace safiya, an sha ganin sunan maƙeri da shekarar ƙira sun shafe daga jikin ƙararrawa da faranti, ba kuwa teku ce ta cinye su ba. A nan ma Hausa tana da kalmomin da ya kamata mai fassara ya raba: gyarawa, watau maido da abu bakin aiki, sabuntawa, watau mai da shi kamar ranar da aka ƙera shi, da adanawa, watau tsayar da lalacewa a inda ta kai ba tare da ɓoye shekaru ba. Jirgin da zai koma teku gyara yake bukata, ko da za a jefar da famfon asali. Jirgin da ya zama kayan tarihi adanawa yake bukata, kuma kowace ƙusar asali shaida ce.

Manyan jiragen tarihi na Turai sun nuna yadda zaɓin ke da wuya. Vasa, jirgin yaƙin Suwidin da ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961, an tarar ƙusoshinsa na asali sun narke ƙurmus. Aka sa masa dubban sababbi na baƙin ƙarfe, su ma suka shiga tsatsa a cikin katakon suna raunana shi, har daga 2011 zuwa 2018 aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sauya da na silba ta musamman, jirgin ya rage nauyin kimanin tan 8. Great Britain, jirgin baƙin ƙarfe da Isambard Kingdom Brunel ya ƙera a 1843, wanda aka komo da shi Biristol daga tsibiran Fokland a 1970, gishiri ya riga ya shige jikinsa yadda ba ya wankuwa. Maimakon gogewa, a 2005 aka rufe tashar da gilashi daidai inda ruwa ke tsayawa a jikinsa, aka sa injuna su riƙe laimar iskar da ke ƙasa a kashi 20 cikin 100, inda tsatsa ke kusan tsayawa cik.

A Cutty Sark kuwa, shekarun da ya yi a teku sun bar gishiri a haƙarƙarinsa, zaman tasha kuma ya sa nauyinsa ya fara lanƙwasa gindin. An fara babban aikin adana shi a Nuwamba 2006. Ran 21 ga Mayu, 2007 gobara ta tashi a cikinsa, kuma bincike ya nuna mai yiwuwa daga wani injin zuƙar ƙura ne da aka bari a kunne. An yi sa'a, tirakunsa da kusan rabin katakonsa an riga an kwashe su zuwa wurin gyara. An kankare haƙarƙarin an shafe shi da fenti mai tsare laima, an sa sabon ƙarfe ya ɗauki nauyin da tsohon ba zai iya ba, an ɗaga jirgin sama kimanin mita 3 don a sauke masa nauyi, aka yi wa gindinsa sabuwar rigar tagulla, sa'an nan aka sake buɗe shi ran 25 ga Afrilu, 2012. A cikin jirgin an shafa wa ƙarfen asali na 1869 farin fenti, sabon da aka ƙara kuwa aka shafa masa ruwan toka, domin duk mai ziyara ya iya raba su da ido.